Yadda ake haɗa rahoton alƙaluman mazaɓarku da bayanan GRID3

Ƙungiyar ci gaban unguwa za ta je wurin shugaban ƙaramar hukuma neman ƙarin asibitin sha-ka-tafi, sai a tambaye su: mutum nawa ne a yankin, asibiti nawa kuke da shi yanzu? Nan ake fara kallon-kallo. Alhali amsar tana intanet kyauta, a rumbun bayanan GRID3, wanda ya tattara taswirar mazaɓu, cibiyoyin lafiya, makarantu da ƙiyasin yawan jama'a na Najeriya. Tushen irin wannan taswira a Arewa aikin rigakafin shan inna ne, lokacin da ake son sanin kowane lungu da masu ɗiga maganin za su shiga.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ka san yankin da kake magana a kai. Rumbun bai san unguwa yadda mu muka san ta ba, mazaɓa ya sani. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, takwas daga ƙananan hukumomin su suka haɗa birnin: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Idan kana Gwammaja ko Ƙofar Mazugal, a Dala za ka neme su, Ɗorayi da Kabuga kuma a Gwale. Katin zaɓenka zai taimaka maka gane mazaɓarka.

Sai ka buɗe data.grid3.org, ka nemi bayanan Najeriya, ka zaɓi abin da kake so, a ce cibiyoyin lafiya. Ka tace su zuwa Jihar Kano, sannan ka sauke a matsayin CSV, wato fayil ɗin da Excel ko Google Sheets ke buɗewa. Waya za ta iya, amma da wahala. Gara ka shiga kafe ko ka ari kwamfuta.

Da ka buɗe fayil ɗin, sake tacewa da sunan ƙaramar hukuma, sannan mazaɓa. A nan mutane ke zamewa. Akwai Nassarawa ta Kano, akwai kuma Jihar Nasarawa mai ƙaramar hukuma da wannan suna, don haka jiha ake fara zaɓa. Sunayen ma an rubuta su babu ƙugiya, Birni da Kewaye kuwa Kano Municipal za ka gani. Ka ƙirga cibiyoyin, ka ware na gwamnati da na kuɗi, domin idan ka gwama su rahotonka zai nuna wadatar da talaka bai san da ita ba.

Yawan jama'a shi ne mai ɗan aiki. Ƙidayar ƙarshe a ƙasar nan ta 2006 ce, wadda ta ba Jihar Kano mutum 9,401,288, ta 2023 kuma an ɗage ta. Duk wanda ya ga yadda gari ya miƙe ta Kumbotso da Ungogo ya san wancan lissafin ya tsufa. Abin da GRID3 ke bayarwa ƙiyasi ne da masanan WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila suka yi daga hotunan tauraron ɗan'adam da ƙirgen gida-gida a wasu zaɓaɓɓun wurare. An yanka ƙasa gida-gida kamar allon dara, kowane kimanin mita 100, an sa masa adadi. Don ka samu na mazaɓa, sauke fayil ɗin wannan ƙiyasin da na iyakokin mazaɓu, ka ɗora su a manhajar taswira ta QGIS, ita ma kyauta ce, ka danna Zonal Statistics ta haɗa maka jimilla. In abin ya fi ƙarfinka, ɗalibin labarin ƙasa daga Jami'ar Bayero zai gama shi kafin shayinsa ya huce.

Saura lissafi: raba yawan mutane da yawan cibiyoyi. A ce mutum 60,000 ne, cibiyoyin gwamnati uku, kowace tana ɗauke da 20,000 ke nan. Yi wa mazaɓar da ke maƙwabtaka da ku haka, don kwatancen shi ke sa shugaba ya gyara zama.

Kada ka buga tukuna. Ɗauki jerin ka zaga da ƙafa, ko ka kai wa mai unguwa ya duba. Za ka iya tarar da asibitin da aka rufe yana nan a jerin, sabo kuma bai shiga ba. Ni a ganina wannan zagayen ya fi duk danne-dannen kwamfutar daraja.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu: taswira ɗaya, teburin alƙaluma ɗaya, sai buƙatarku. A ƙarƙashin kowane adadi rubuta inda ka samo shi da shekararsa, kuma duk inda ƙiyasi ne ka rubuta "ƙiyasi". Ka buga kwafi uku, ɗaya na sakatariya, ɗaya na kansila, ɗaya a ajiye a fayil ɗin ƙungiya da tambarin ranar da aka karɓa.