Gyaran Birkin Hannu da Duba Boris a Tsohuwar Mazda MX-5

Da farko ka sa wa tayoyin gaba waigi, ka sauke birkin hannu, sannan ka ɗaga bayan motar da jak ka tokare ta da ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ka riƙe tayar sama da ƙasa ka girgiza; idan ta yi lako-lako, ko ta yi gurnani yayin juyawa, boris, wato abin da tayar ke juyawa a kansa, ya ci, sai canji.

Daga nan ka cire taya. A MX-5 ƙirar farko, wadda ta fito a 1989, akwai noti mai lamba 14 a bayan abin da ke matse faifan birki. Ka kwance shi, ka zura alanki (makulli mai kusurwa shida) mai lamba 4 a ramin da notin ya fito, ka ɗaure sukurun da ke ciki har faifan ya ƙi juyawa, sannan ka sassauta sulusin zagaye. Ka maimaita a ɗaya ɓangaren kafin ka gwada birkin a gangare.