Kurakuran masu son cin abinci da wasan golf

Yaran Maradi da suka koyi riƙe sanda a Kano ko Yamai, galibi ta hanyar ɗaukar wa manya jakar sanduna, kuskure ɗaya ke fara kayar da su: gaggawar shelanta cewa sun zama ƙwararru, wato masu wasa don kuɗi. Yaro ya ci wata ƙaramar gasa, abokai sun zuga shi, sai ya karɓi kuɗin kyauta. Tun 2022 dokar wasan ta yarda ɗan sha'awa, wato wanda bai mai da wasan sana'a ba, ya karɓi kyautar da ba ta wuce dala 1,000 ba. In ka zarce haka ka fita daga sahunsu, gasanninsu sun rufe maka ƙofa, alhali a can ake gogewa da arha.

Ga abin da ke jiranka a ɗaya ɓangaren. Babbar gasa kwana huɗu ce, rami 72. Bayan rami 36 ake tankaɗe, kusan rabin 'yan wasa su tattara kayansu, kuma a yawancin gasanni wanda aka tankaɗe ko dala ba ya samu. Kuɗin mota, masauki, rajista, ladan mai ɗaukar jaka, duk daga aljihunka, ka ci ko ka faɗi. Mai neman shiga gasannin Turai kuwa, matakin ƙarshe na jarrabawar kaɗai zagaye shida ne, rami 108. Shawarata ba ta canzawa: kada ka tsallaka sai kana gama filin da aka ƙayyade wa bugu 72 da ƙasa da haka a kai a kai, a filayen da ba ka saba da su ba, kuma kuɗin shekara guda na ajiye. Mai ɗaukar nauyi da baki ba mai ɗaukar nauyi ba ne, a rubuta a takarda.

Kuskure na biyu shi ya fi ba ni haushi. Sai ka ga yaro ya wuni yana zabga ƙwallo da doguwar sanda don a ce ya iya nisa. Malam, wa ya taɓa biyan ka kuɗin nisa? Kusan bugu huɗu cikin goma a bakin rami ake yin su. Mu kuma da muka saba da yashi da aka daddaɓe a bakin rami, ƙwallo na tafiya a hankali, sai hannu ya koyi duka da ƙarfi. Ranar da ka hau gajeriyar ciyawa a Abuja, ƙwallon zai wuce ramin da taku uku. Raba lokacin atisaye biyu, rabi a ba bugun da bai wuce mita 100 ba. A gida shimfiɗa darduma mai santsi, jera ƙwallo goma a nisan mita ɗaya da rabi, in ɗaya ya kuskure a sake daga farko. Kafin kowace gasar ciyawa, isa da kwana biyu.

Katin maki kuma, kada ka sa hannu kana hira. Ka rubuta ƙasa da abin da ka buga a rami, an kore ka. Ka rubuta sama, haka zai zauna. A babbar gasar Masters ta Amurka a 1968 Roberto De Vicenzo ya buga 3 a rami na 17, abokin wasansa ya rubuta masa 4, ya sa hannu bai duba ba. Bugu ɗayan nan ya hana shi karon raba gardama da Bob Goalby.

Ƙirga sandunanka kafin fita, 14 ne iyaka, ƙari na jawo tarar bugu biyu a kowane rami har zuwa bugu huɗu. Ƙwallon da ya ɓace minti uku ake nemansa, ba biyar ba, tun 2019. Lokacin hunturu, in iska na fuskantarka, ɗauki sanda mafi tsawo ka sassauta duka, ƙwallon zai tafi ƙasa-ƙasa.