Tsohon injin kwale-kwale ya ƙi tashi da sanyin safiya: kurakuran da aka fi yi

Jiya ya wuni yana aiki, ja ɗaya yake kamawa. Yau da asuba an ja igiya har kafaɗa ta sage, ko tari bai yi ba. Nan take sai ka ga an ɗauko sukurdireba an auka wa kafireta. Wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin sau tari ba laifinta ba ne, kuma abin da aka kwance a bakin ruwa da wuya ya koma yadda yake.

Fetur ba ya kama wuta sai ya zama tururi. Idan ƙarfe ya yi sanyi, sai ya lafe a jikinsa ya zama ɗigo, abin da ke isa silinda ya yi ƙaranci. Aikin cok ke nan: ya rage iska domin mai ya yawaita. Saboda haka matsalar tashin sanyi yawanci ɗayan biyu ce, ko mai bai kai ba, ko ya yi yawa.

Kafin komai, a duba ƙananan abubuwan da ake rainawa. Akwai ɗan noti a kan murfin tanki da ke barin iska ta shiga. Idan yana ɗaure, mai ba zai tafi ba. Ƙwallon robar da ke kan tiyo yana da kibiya, dole ta kalli inji, kuma a yi ta matsa shi har sai ya yi tauri a hannu. Idan ya ƙi tauri, iska na shiga ta wani wuri, galibi inda tiyo ya haɗu da inji. Makullin igiyar tsaro, wanda ke kashe inji idan aka zare shi, ya zauna a mazauninsa, giya tana firi, totur yana kan alamar tayarwa, inji a tsaye sosai ba a kishingiɗe ba.

Sai maganar cok, inda aka fi yin ɓarna. Wasu ba sa ja gaba ɗaya, wasu kuma suna ja su manta da shi. A ja shi duka, a ɗaga igiya a hankali har a ji ta kama, sannan a fizga. Da zarar inji ya yi tari, ko da bai tashi ba, a mayar da cok rabi ko duka. Wanda ya ci gaba da fizga sau goma cok na rufe, shaƙe injin yake yi da mai, kuma warin fetur zai gaya masa. Maganinsa a mayar da cok, a buɗe totur iyakar yadda zai buɗu a firi, a fizga sau da yawa har iska ta share shi.

Idan duk an yi haka shiru, a cire fulogi a kalli bakinsa. Shi ne mai faɗar gaskiya. Jiƙaƙƙe ne, yana ƙyalli? Mai yana zuwa, ko dai ya yi yawa ko wuta ce babu. A goge shi, a sa masa wayarsa, a jingina shi da ƙarfen inji nesa da ramin fulogin, a ja igiya. Ana son wuta shuɗiya mai ƙara. Rawaya mai rauni tana iya tayar da inji mai ɗumi, amma ba mai sanyi ba. Fulogin da ya yi baƙi ƙirin kuwa, sauya shi ya fi wanke shi.

In kuma a bushe yake ƙamas, mai ne bai iso ba. A ɗiga ɗan fetur da aka haɗa da baƙin mai, kamar cokalin shayi, a bakin kafireta. Ya kama na ɗan lokaci ya mutu? To yanzu ne kafireta ta cancanci a buɗe ta. Kada a yi wannan gwajin da feshin gwangwani na tayar da inji, don babu baƙin mai a cikinsa, wanke silinda yake yi ya bar fistin yana gogar ƙarfe tsirara. Abin da ke toshewa shi ne ɗan jet na sulo, wato ƙofar da mai ke bi idan inji na sulo, wanda raminsa bai wuce tsinin allura ba, kuma fetur da ya yi watanni a kwance ne ke daskarewa a ciki kamar ƙaro. A wanke shi da ruwan wanke kafireta da iska, kada a zura masa waya. Jet ɗin na tagulla ne, ramin zai faɗaɗa. A kuma kwance notin da ke ƙasan kwanon kafireta a tsiyaye, domin ruwa can yake kwanciya.

Ƙara baƙin mai wai don inji ya tsufa ma kuskure ne, hayaƙi kawai yake jawowa da dattin fulogi. Injuna da yawa 50:1 suke sha, wato mililita 20 na baƙin mai a kowace litar fetur, rabin lita a tanki mai lita 25, kuma baƙin man ya zama na injin kwale-kwale mai alamar TC-W3. Injunan Johnson da Evinrude na kafin 1964 kuwa 24:1 ne. A bi abin da aka rubuta wa injin.

Idan mai da wuta duk sun samu amma igiya na zuwa sakayau ba nauyi, wataƙila ringin fistin ne ya cinye. Bakanike ya auna ƙarfin matsin silinda. In silinda biyu ne, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Duk gwajin da za a yi, ƙafar inji ta kasance cikin ruwa, ko da a durom ne. 'Yar fankar robar da ke tura ruwan sanyaya inji tana ƙonewa cikin daƙiƙu idan ta juya a bushe. Da ya tashi, a leƙa baya a ga siririn ruwan da ke sanyaya inji yana tsartuwa, a bar shi ya yi ɗumi minti biyu ko uku kafin a sa giya.