Yadda Ake Ɗora Sabon Windows 11 da Direbobinsa a Kwamfutar Ofis

Kwamfutocin tafi-da-gidanka irin su Lenovo ThinkPad, Dell Latitude da HP EliteBook an ƙera su ne don kamfanoni, kuma yawancin waɗanda ke kasuwanninmu sun gama aiki a wani ofis a ƙasar waje kafin su iso. Sukan zo da tsohon Windows 10, wanda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba 2025, ko da wani Windows ɗin da mai shago ya ɗora cikin gaggawa. Gara a share komai a ɗora sabo. Amma rabin aikin kafin sharewar yake, kuma nan ne mutane suka fi yin asara.

Fara da duba ko kwamfutar za ta ɗauka

Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0 (wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfutar), da RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, da furosesa na zubi na 8 zuwa sama idan na Intel ne. Kada sunan kwamfutar ya ruɗe ka. ThinkPad T480 da Latitude 7490 akwai masu i5-8350U, akwai kuma masu i5-7300U. A waɗannan biyun, lambar farko bayan layin ita ce zubin: mai 8 ta shiga, mai 7 ba ta cikin jerin da Microsoft ta amince da shi. Gigabait 4 kuwa a takarda ne kawai, aikin ofis sai da 8.

Abin da za ka tanada kafin ka taɓa komai

Kwashe fayilolinka zuwa wata ma'ajiya ta waje, ka buɗe biyu ko uku a can ka tabbatar sun kwafu. Idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, wato makullin tsaro na Windows, nemo lambobin buɗewa guda 48 ka rubuta a takarda.

Sai filashi mai gigabait 8 ko fiye, wanda babu abin da kake so a ciki, domin za a share shi tas. A shafin Microsoft za ka sauke Media Creation Tool, shi zai haɗa maka filashin. Fayil ɗin ya haura gigabait 5, don haka a tanadi data da wuri mai sabis.

Yanzu ga matakin da ake yawan tsallakewa. Tun tsohon Windows yana aiki, shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka sa lambarta da ke manne a ƙasanta (a Dell harufa da lambobi 7 ne da ake kira Service Tag), ka sauke direban Wi-Fi da na ma'ajiya, wato Intel Rapid Storage Technology. Direba ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ya iya aiki da wani sashen kwamfutar. Warware su ka ajiye a wata jaka cikin filashin. Idan kuma komai na aiki daidai a tsohon Windows ɗin, kana iya kwashe direbobinsa gaba ɗaya. Buɗe jaka mai suna direbobi a filashin, ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Harafin E a nan na filashin ne, ka sauya shi da wanda naka ya nuna.

Shiga BIOS

Kashe kwamfutar, jona caja, ka kunna kana danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows ya tashi: F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Tabbatar tana kan UEFI, Secure Boot a kunne, TPM a kunne. A ThinkPad sunansa Security Chip. Duba kwanan wata da lokaci, domin idan sun karkace intanet zai riƙa ƙin buɗe shafuka.

Idan BIOS ya nemi kalmar sirrin da ba ka sani ba, tsaya nan. Sabon Windows ba ya cire ta, domin ba a ma'ajiya take ba, a jikin babban allon cikin kwamfutar (motherboard) take. Mayar wa wanda ya sayar maka.

Ɗora Windows ɗin

Sa filashin, sake kunnawa, danna F12 a Lenovo da Dell ko F9 a HP, ka zaɓi filashin. Da ya nemi lambar lasisi, zaɓi cewa ba ka da ita. Yawancin kwamfutocin ofis lasisinsu na cikin babban allon, da zarar sun hau intanet zai kama da kansa. Idan an ba ka zaɓi, ɗauki irin wanda ta zo da shi, galibi Pro ne. Lasisin Pro ba ya kunna Home.

A wajen zaɓar inda za a ɗora, goge duk sassan Disk 0 har ya zama fili guda, ka danna Next. Duba girman da kyau kafin ka goge, kada ka share filashin ko wata ma'ajiya ta biyu.

Wani lokaci jerin yakan fito wayam, babu ma'ajiya ko ɗaya. Ba ta mutu ba. Kwamfutocin Intel na zubi na 11 zuwa sama, da Dell da yawa da ke zuwa a kan RAID On, suna ɓoye ma'ajiyar a bayan wani tsarin Intel da filashin bai da direbansa. Danna Load driver ka nuna masa jakar da ka tanada. A Dell kana iya komawa BIOS ka mayar da saitin ma'ajiyar zuwa AHCI. Yi wannan kafin ɗorawa, domin idan ka sauya bayan an gama Windows ba zai tashi ba.

Bayan ta sake tashi za ta nemi intanet. Idan ba ta ga Wi-Fi ba, ɗora direban daga filashin, ko ka jona wayarka ta Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB. Idan kuwa ta hau intanet sai ga sunan wani kamfani da tambarinsa ana neman imel ɗin ma'aikaci, to kwamfutar har yanzu tana rajistar tsohon ofishinta a tsarin Autopilot. Ko sau goma ka share, zai dawo. Galibi tsohon kamfanin ne ke iya cire ta.

Direbobi

Bar Windows Update ya gama nasa tukuna, ka sake kunnawa, ka sake dubawa har ya ce babu saura. Daga nan sai manhajar kamfanin: Lenovo System Update ko Commercial Vantage, Dell Command Update, HP Image Assistant. Su ne suka san ainihin kayan da ke cikin kwamfutarka. Manhajojin nan da ke alkawarin ɗora duk direbobi da dannawa ɗaya, a guje su. Sukan ɗora direban da bai dace ba, sai a wayi gari sauti ya ɗauke ko kwamfuta ta ƙi farkawa daga barci, wasu ma da tarkacen talla suke zuwa.

Mai ɗorawa da hannu ya fara da chipset, sai Intel Management Engine, sai na hoto, sauti, Wi-Fi da Bluetooth, sannan na maɓallan Fn da na'urar karanta yatsa. Chipset ne farko domin da shi Windows ke gane sauran sassan.

Buɗe Device Manager ka nemi alama mai ruwan ɗorawa mai kusurwa uku. Wanda aka rubuta wa PCI Simple Communications Controller kusan kullum Management Engine ne. Wanda ba a san shi ba, danna shi sau biyu, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, da wannan za ka san wanda za ka nema a shafin kamfanin.

Sabunta BIOS shi ne wurin da ba a wasa. Batir ya cika, caja na jone, kuma a dakatar da BitLocker tukuna, in ba haka ba za ta tashi tana neman lambobin nan 48. Allon zai yi baƙi, fanka ta yi ƙara, ta kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku. Kada ka taɓa ta. Idan batirin ya mutu, kada ka dogara da wutar NEPA kaɗai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya hana kwamfutar tashi kwata-kwata. Masu T480 kuma su tabbatar sun ɗora sabuntawar Thunderbolt da Lenovo ta fitar, saboda tsohuwar tana lalata ramin USB-C a hankali.

Daga ƙarshe gwada kyamara, makirufo, kowane ramin USB, da rufe murfi a buɗe. A Command Prompt rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da abin da yake ɗauka yanzu. A sashen harshe na Settings kuma akwai madannan Hausa, ka ƙara su don samun ƙ da ɗ da ɓ.