Yadda nake gane shagon daskararren yogot na kirki a babban birni

Duk shagon da na shiga karo na farko, kafin in ɗauki kofi sai na ce a ba ni ɗanɗanon farin nan da ba a sa wa komai ba. A kan injin galibi za ka ga an rubuta masa Original ko Tart. Mangwaro da cakulan da sauran masu launi su jira tukuna. Cokali ɗaya ya ishe ni. Shekaru ke nan ina yin haka, tun lokacin da aiki ya fara kai ni manyan birane, kuma har yau ban ga abin da ya kai wannan cokalin saurin tona asirin shago ba.

Ga dalili. Yogot madara ce da aka zuba wa ƙwayoyin bakteriya iri biyu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, suka ci sukarin da ke cikinta suka mayar da shi tsami. Wannan tsamin shi ne shaidar cewa madarar ta kwana, ta yi aikinta. Cakulan yana iya rufe komai, har da kayan banza, amma farin ba shi da wurin ɓuya. Idan na kirki ne, za ka fara jin sanyi, sai tsami mai laushi a gefen harshe, sai ƙanshin madara a ƙarshe, ya wuce ya bar bakinka wasai. Idan zaƙi kawai ka ji daga farko har ƙarshe, to askirim aka ba ka da sunan yogot. Idan kuma tsamin ya yi kaifi kamar na alawar lemo, ya soke ka ya ɓace nan take, mai yiwuwa sinadarin tsami aka ƙara wa garin da aka dama da ruwa. Akwai kuma wanda yake barin maiƙo a ganɗa, ka yi ta shan ruwa bai tafi ba. Wannan ba na komawa wurinsa.

Kada sunan da ke kan allo ya ruɗe ka. A Amurka, inda abin ya samo asali, doka ta ce ba a kiran abu askirim sai kitsen madarar da ke cikinsa ya kai kashi 10 cikin 100. Daskararren yogot kuwa gwamnatin tarayya ba ta yanka masa irin wannan ƙa'ida ba. Shi ya sa shago biyu a titi ɗaya za su rubuta suna ɗaya, amma ɗaya yogot na gaske ya cika injinsa da shi, ɗayan kuwa ɗan kaɗan ya ɗiga a cikin haɗin madara da sukari.

Yana da kyau ka san cewa zuri'a biyu za ka tarar a birni: mai zaƙi da mai tsami. A shekarun 1970 aka fara sayar da shi a yankin New England na Amurka, mutane da yawa suka ce ya yi musu tsami. Da shagon TCBY ya buɗe a Little Rock a 1981, sai ya bi hanyar zaƙi da laushi irin na askirim, kasuwa ta buɗe. A 2005 Pinkberry ya buɗe a West Hollywood ya dawo da tsamin, mutane suka riƙa bin layi har waje. Shekara ɗaya bayan haka Yogurtland ya fara a Fullerton, yana cikin waɗanda suka yaɗa tsarin zuba da kanka a auna maka. Yawancin shagunan da za ka gani yau, ko a wace ƙasa, jikokin ɗaya daga cikin waɗannan ne. Ni ɗan gidan tsami ne, ba na ɓoyewa. Amma mai son na zaƙi ma yana da haƙƙin a ba shi mai kyau, kuma sauran abin da zan faɗa ya shafe shi.

Neman yana farawa ne tun kana gida, da waya a hannu. Ka buɗe taswirar Google ka nemi shagunan da ke kusa, amma kada yawan taurari ya ɗauke maka hankali. Shagon da ya yi suna shekara biyar da suka wuce yana iya riƙe taurarinsa alhali ya canza hannu sau biyu. Ka jera tsokacin masu saye daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata uku da suka wuce. Ni na fi amfana da masu ba da tauraro biyu ko uku, don su ne suke faɗin takamaiman abu: injin kaza ya lalace, yogot ɗin ya fito ruwa-ruwa, sitiroberi ya yi laushi. Mai tauraro biyar yabo kawai yake yi, mai tauraro ɗaya kuma sau da yawa faɗa ya yi da mai karɓar kuɗi. Sannan ka duba hotunan da masu saye suka ɗauka da kansu, ka bar na mai shago. A hoton mai saye za ka ga ko yogot ɗin ya tsaya da tsininsa a kofi ko ya kwanta ya zama tafki.

Akwai kuma ɗan zanen nan a taswirar da ke nuna lokutan da shago ya fi cika. Ina duba shi sosai, saboda ciniki shi ne ran wannan sana'a. Haɗin da ke cikin inji idan ba a zuba shi, yana ta juyawa ne a ciki, yana narkewa yana sake daskarewa, iskar da ke cikinsa tana fita. Shagon da ke kusa da jami'a ko cikin unguwar da iyalai ke fitowa da yamma ya dogara da mutanen da za su dawo gobe, don haka dole ya kiyaye. Wanda ke bakin wurin 'yan yawon buɗe ido kuwa ya san yawancin masu sayensa ba zai sake ganinsu ba. Ban ce duk na can ba su da kyau ba, amma ina shiga da ido a buɗe. Idan kuma ka samu wanda ya daɗe a unguwar, ka tambaye shi inda yake kai yaransa. Da ɗan gari akan ci gari.

To ka iso. Kafin komai, ka shaƙi iskar wurin. Shago mai tsabta ƙanshin madara mai sanyi yake yi, ko ma ba ya warin komai. Idan ka ji warin madarar da ta zube ta kwana a ƙasa, ko warin tsumman goge-goge, ka juya. A wasu biranen hukuma ta rage maka aiki: a New York tun 2010 ana liƙa A ko B ko C a ƙofar wuraren cin abinci bayan binciken tsabta, a Ingila kuma maki ne daga 0 zuwa 5. Inda babu irin wannan, idonka ne mai bincike.

Wurin da nake tsayawa in daɗe shi ne gaban injin. Ka sunkuya ka kalli bakin da yogot ke fitowa. Ya kamata ka gan shi fes, ko da ɗan ɗigon da bai bushe ba. Idan ka ga ɓawon busasshen yogot mai ruwan ɗorawa ya zagaye shi, an daɗe ba a goge ba, kuma abin da ke waje yana ba da labarin abin da ke ciki. Ka kalli farantin da ke tare ɗigo a ƙasa, ka kalli hannun da ake ja. Wannan maganar ta wuce ƙyanƙyami. Haɗin da ke jira a saman inji dole ya zauna ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, kuma injin yana bukatar a kwance shi a wanke sassansa a kai a kai; wasu injunan kullum, injunan da ke dafa haɗinsu da kansu cikin dare kuma duk mako biyu. Akwai bakteriyar da ake kira Listeria wadda sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa. A 2023 a jihar Washington ta Amurka mutum uku sun rasu bayan sun sha haɗin madara da askirim daga injinan da ba a wanke yadda ya kamata ba. Hukumomin abinci na Ostireliya ma suna shawartar masu juna biyu su guji askirim mai laushi na inji. Don haka ba na jin nauyin tambayar ma'aikaci yaushe suke wanke injin. Wanda yake wankewa da hannunsa nan take zai ba ka amsa, har ya gaya maka ƙarfe nawa. Wanda ya fara kallon abokin aikinsa, ka riga ka samu amsarka.

Na taɓa shiga wani shago mai kyan gaske, fitilu kala-kala, kujeru kamar a ɗauka a kai gida, injuna jere da ɗanɗano goma sha shida. 'Yata ta ja hannun na farko, abin ya zubo kamar kunu. Na biyu ya fito da ƙanƙara-ƙanƙara, yana ƙaras-ƙaras a haƙori. Mu kaɗai ne a ciki ranar Asabar da yamma. Tun daga ranar nake lissafa injuna da mutanen da ke ciki: ɗanɗano goma sha shida ga mutum uku yana nufin wasu sun kwana biyu ba a taɓa su ba. Na fi yarda da mai ɗanɗano huɗu ko shida da ke ƙarewa kullum. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Laushin kansa yana da abin da yake faɗa. Inji mai lafiya yana fitar da shi a sanyin kimanin digiri 6 ko 7 ƙasa da sifili, yana kuma kaɗa iska a ciki yayin da yake daskarar da shi. Idan komai ya daidaita, zai sauko a hankali kamar igiya, ya naɗe, tsininsa ya tsaya, fuskarsa ba ta ƙyalli sosai. Mai sheƙi kamar an shafa masa ruwa bai yi sanyi ba, kafin ka kai wurin biya ya narke. Mai ƙanƙara ya narke ne ya sake daskarewa, ko an tsinka haɗin da ruwa fiye da ƙima. Mai kama da kumfa, wanda kake sa wa cokali ka ji kamar ba ka ɗebi komai ba, iska ce ta yi masa yawa.

Sai teburin kayan ɗorawa. A nan 'ya'yan itace nake fara kallo, don su ne ba sa ƙarya. Kiwi da mangwaro da aka yanka yau gefensu a tsaye yake, ba sa iyo cikin ruwansu. Ka duba ko kwanukan suna zaune cikin sanyi, ko akwai gilashi a samansu, ko kowane kwano da cokalinsa. Idan kai ko ɗanka jikinku ba ya karɓar gyaɗa, ka yi hattara ƙwarai a wurin zuba da kanka, domin yara suna ɗaukar cokalin nan su tsoma can, ɓarɓashi yana faɗawa kwanon maƙwabta. Ka roƙi a ɗebo maka daga sabon mazubi a ciki. Alawoyin nan masu danƙo da fararen masu laushi kamar auduga kuma da jelatin ake yin yawancinsu, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Mai kiyaye wannan ya nemi ganin kwalin da aka zubo su daga ciki. Shagon kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

A wurin da ake biya da nauyi, kofin da girma ake yin sa da gangan, ido kuma ba ya son ganin kofi rabi. Ka zuba daidai abin da za ka shanye kafin ya narke. Ka lura ko sikelin yana cire nauyin kofin, ka kuma tuna cewa cakulan da miyar karamel sun fi yogot ɗin kansa nauyi.

Maganar lafiya kuma a yi ta da gaskiya. Daskararren yogot yakan fi askirim ƙarancin kitse, amma sukarinsa yakan kai nasa, wani lokaci ya wuce, saboda sanyi yana dakushe zaƙi a harshe, ga tsami da ake son a rufe, ga shi sukarin ne ke hana haɗin zama dutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babba, kuma babban kofi da kayan ɗorawa yana iya cinye wannan gaba ɗaya. Wanda aka rubuta ba a ƙara masa sukari ba, galibi da irin su sobitol ko maltitol ake zaƙaƙa shi, waɗanda idan sun yi yawa suke kumbura ciki su sa gudawa. Idan kuma don bakteriya masu amfani kake sha, ka tambaya ko suna raye a cikin haɗin. Sanyi ba ya kashe su duka, amma idan an dafa haɗin bayan ya yi tsami, sun mutu. A Amurka akwai tambarin Live & Active Cultures, wanda daskararren yogot ba ya samu sai yana da ƙwayoyi miliyan 10 a kowane giram lokacin da aka yi shi.

Ba na yanke wa shago hukunci da zuwa ɗaya, sai dai idan ƙazanta na gani. Idan ya burge ni ranar Asabar da dare, lokacin da injuna ke ta aiki, sai in koma ranar Talata da rana, sa'ad da babu kowa. A nan ake gane mai kula da kayansa. Wanda na fi komawa yanzu ɗan ƙarami ne, teburi uku, ɗanɗano huɗu. Na same shi ne wata Talata wajen ƙarfe biyu, na tarar matar da ke wurin ta zuba na farkon da ya fito daga injin a wani kwano ta ajiye gefe, sannan ta cika mini kofina da na bayansa. Na tambaye ta dalili, ta ce wancan ya daɗe a bakin injin tun safe.