Shawara ga masu buga fenareti a gasar unguwanni

'Yan ƙwallon Birnin Kebbi, ga dabara kyauta: zaɓi kusurwar da za ka buga tun kana tsakiyar fili, kada ka canza. Alƙali ya busa usur, kada ka ruga. Ja numfashi ɗaya mai tsawo, ka sauke, sannan ka taho.

Mita 11 ne kacal tsakaninka da raga. Amma da zarar 'yan unguwarku sun cika filin wasa na Haliru Abdu suna kiran sunanka, zuciya na dukan uku-uku, cinya ta sandare, so kake kawai a gama. Wannan gaggawar ce ke tura ƙwallo sama. Baggio, ɗan wasan Italiya, ma, duk gwanintarsa, sama ya ɗaga ta a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya da Brazil a 1994.

Koci, ka riƙa sa su buga a ƙarshen atisaye, a gajiye, sauran yara na yi musu ihu. Ya fi kuɗin da ake kai wa masu ba da sa'a amfani.

Inda dabarar ba ta ci: in gola ɗan unguwarku ne, ya san ɓangarenka. Sai ka tanadi kusurwa ta biyu tun a atisaye.