Yadda Iyaye Za Su Raya Niyyar Kasuwanci a Zuciyar Ɗalibi da Ɗaliba a Saudiyya

Idan ɗanka ko 'yarka na karatu a Jami'ar Ummul Ƙura da ke Makka, ko ta Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kuma aka fara kawo maka zancen buɗe sana'a bayan kammala karatu, ka fara duba abin da niyyar ta dogara a kansa. A shekarar 1991 masanin halayyar ɗan Adam Icek Ajzen ya bayyana cewa niyyar aikata abu tana zama ne a kan duwatsun murhu uku: yadda mutum yake kallon abin, abin da yake zaton makusantansa za su ce, da kuma yardarsa cewa zai iya.

Dutse na farko ba ya ba mu wahala, domin Bahaushe ya gaji fatauci, kuma yaron da ya tashi yana ganin cinikin lokacin Hajji da Umra ba ya raina sana'a.

Aikinka yana kan na biyu, kuma a nan ne namiji da mace suke rabuwa. Ɗa namiji yakan ambaci shago sai a ce Allah ya sa albarka, amma 'ya mace ta ambaci irin wannan sai a tambaye ta wa zai kai ta, me dangi za su ce, kuma ina batun aure. A ganina waɗannan tambayoyi sun fi rashin jari kashe niyyar 'ya'yanmu mata, alhali iyayensu mata sun daɗe suna sayar da abinci, turare da kayan ɗinki daga cikin gida. Doka ma ta sauya: tun watan Fabrairun 2018 mace tana iya yin rajistar kasuwanci ba tare da izinin waliyyi ba, a watan Yunin shekarar kuma aka ba mata damar tuƙa mota. Saboda haka ka saurari shirinta a gaban 'yan'uwanta maza, ka yi mata tambayoyin da za ka yi musu, wato nawa ne kuɗin kaya, su wa za su saya, kuma ribar nawa take hange. Idan akwai gwaggo ko inna mai sana'a, ka haɗa su, domin yarinya ta fi gaskata abin da ta ga mace irinta ta yi.

Dutse na uku kuwa, wato yardar mutum cewa zai iya, ba ya samuwa da nasiha kaɗai. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa ɗalibai mata sukan raina iyawarsu ko da sakamakonsu bai gaza na maza ba, maza kuma sukan yi saurin cewa sun iya. Ka ba kowannensu ɗan jari a lokacin hutu, ka ce ya rubuta duk riyal ɗin da ya shiga da wanda ya fita, sa'an nan ku zauna ku duba lissafin tare. Littafin zai nuna wa yarinyar cewa ta iya, ya kuma nuna wa yaron inda ya yi gaggawa.

Kafin a kai ga rajista, ka tantance matsayin takardunku. Ɗan ƙasa yana iya neman horo da shawara a hukumar Monsha'at, wadda aka kafa a 2016 don tallafa wa ƙananan sana'o'i da matsakaita. Mai zama da igama kuwa, wato takardar izinin zama ta baƙo, yana da ƙa'idoji na daban, kuma gudanar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, abin da ake kira tasattur, laifi ne da ke jawo tara, ɗauri da kora daga ƙasar. Idan 'ya'yanka na cikin wannan rukuni, ka kai su su ji ƙa'idar daga bakin hukuma kafin su sayi kaya ko su kama shago.